Mutum Guda da Kaka Bai Tambaya Ba

Ranar da Kaka ya rasu, mata sun fi maza yawa a gidan. Daga takalma na gane haka. Ni aka sa in tsaya bakin zaure ina jera su don kada a tattake, kuma na fi son wannan aiki da shiga cikin mutane, domin babu wanda zai ce sai na yi magana. Takalman mata suka cika gindin bango, suka zagaya har wajen turken akuya. Yawancinsu na roba ne, an ɗinke su da zaren buhu. Waɗanda suka taho daga Unguwar Lalle da Kamarawa a ƙasa suka zo, don jakunan da fari bai kashe ba an sayar da su.

Babu mai abin kawowa bana. Damina ta sake ƙin zama, gero ya bushe tun yana gwiwa, gulbi ya koma rairayi. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta ta zuba gero cikin tafin hannu ɗaya a faifai. Wata Bafillata ta shigo da ƙwarya wankakkiya, babu komai a ciki, ta ajiye gaban Hajiya, matar Kaka, ta ce, “Ki yi haƙuri, shanu ba nono. Na dai kawo ƙwaryar don a san na zo.” Sannan ta juyo da yaron da ke bayanta ta ce, “Wanga, da ni da shi, da ba don Alhaji ba da tuni an manta da mu.”

A waje kuma tsofaffin abokan aikinsa na majalisa sun zo daga Sakkwato da motoci. Na ji ɗayansu ya ce, “Allah ya jiƙan Ungozoma.” Ya yi dariya kaɗan, sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska.

Malam, wan Kaka, shi ya yi masa salla. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Amma da aka dawo daga maƙabarta aka watse, takalma ƙafa biyu suka rage a hannuna, kuma nasa ne. Ya tafi gida ba takalmi bai sani ba.

Inna, mahaifiyata, ba ta ɗaga murya ba. Ita ce 'yar farin Kaka, kuma a wurinmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya zama hira da ita, ita ma haka. Ta zauna bayan ɗaki da tsohon cikinta tana wanke kofunan baƙi, kofi ɗaya sai ta wanke shi ta sake wankewa.

Rediyo ya faɗi rasuwarsa da numfashi ɗaya, ya ce tsohon ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankinmu. Bai faɗi bencin tasha ba. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Kaka doguwar halitta ne, mai ƙaramar murya. Ni yake kira Amarya, yana cewa ya gaji da Hajiya, ni kuwa ga ni ba ni da surutu, irin matar da yake nema ke nan. Idan na kawo masa fura sai ya leƙa kwanon ya ce, “Amarya, wanga damu ko wankin ludayi? In haka za ki riƙa yi, za ni maida ke gidanku.” Ni dai sai in rufe baki da gyale. Bai taɓa matsa mini in amsa ba. Yakan ce wa mutane, “Ku bar ta, tana tara ku ne.”

Sunan Ungozoma a majalisa ya samo shi. An sa shi cikin kwamitin lafiya, kuma duk ranar da ya miƙe, maganar haihuwa ce. Wasu na neman hanya, wasu rijiyar burtsatse, shi kuwa yana neman ungozomomin da aka koya wa aiki, da mota mai ɗaukar mace in naƙuda ta yi tsanani. Ya ba mu labari da kansa cewa wata rana yana cikin bayanin jinin da ke ɓalle wa mai jego, wani ɗan majalisa ya ce, “Mai girma shugaba, a tambayi ɗan'uwanmu ko ya zo da reza da ruwan zafi.” Zauren ya kwashe da dariya. Kaka ya jira suka gama, ya ce, “Duk wanda ba mace ta haihe shi ba cikinku, shi tashi in ba shi haƙuri.” Ya ce babu wanda ya tashi, amma kuma ba su daina kiransa Ungozoma ba. Daga baya shi da kansa yake amsawa.

Har ƙasar waje an taɓa tura shi, taron 'yan majalisu na ƙasashe a kan yawan jama'a. Ya dawo da mura da wata baƙar jaka mai zik. Jakar nan a cikinta yake ajiye irin gero, yana cewa ɓera bai san zik ba. Abin da ya riƙe daga taron shi ne kowa na maganar yawan baki da ƙarancin abinci. Ya ce da aka ba shi dama sai ya gaya musu, ta bakin tafinta, cewa a garinsu macen da ke haihuwa kowace shekara ita ce wadda ke binnewa kowace shekara, kuma in suna son ta huta, su fara taimakonta ta rayu ita da abin da ta haifa.

Bayan wannan ne masu ba da tallafi suka zo garinmu. Sun zo da manyan hotuna na miji da mata da 'ya'ya biyu, kowa ya yi ƙiba, aka lilliƙa a bangon kasuwa. Mutane suka tsaya suna kallo. Wani ya ce, “Sauran yaran suna gona?” Kafin kasuwa ta zagayo awaki sun cinye hotunan iya inda bakinsu ya kai, domin lokacin ko takarda abinci ce gare su. Sai jita-jita ta tashi, wai hatsin agaji an zuba masa maganin hana haihuwa. Akwai gidajen da suka koma cin anza, 'ya'yan itacen nan mai ɗaci da sai an jiƙa shi an yi ta zubar da ruwan, ga buhun agaji a ajiye ba a taɓa ba. Kaka ya sa aka tuƙa tuwon hatsin a bakin kasuwa, ya zauna ya ci a gaban kowa, ya ce, “To ga shi na ci. In Hajiya ba ta haihu baɗi ba, ku ce shi ne.” Hajiya ta wuce shekarun haihuwa tun kafin a haife ni. Mutane suka yi dariya, suka je suka kwance buhunansu.

Shi bai taɓa cewa kowa ya rage 'ya'ya ba. Tazara yake cewa, a bar mace ta yaye na baya, jikinta ya dawo. A kan wannan suka fi yin gardama da Malam. Malam ya ce arziki na Allah ne, kuma baƙin nan ba don ƙaunarmu suke ƙidaya mu ba. Kaka ya ce, “Yaya, ni ban ce suna ƙaunarmu ba. Na ce mota sunka kawo, kuma mota ba ta da aƙida.” Malam ya naɗe buzunsa ya tafi. Sukan yi wata ba su haɗa ido ba, amma kullum Hajiya na aika wa Malam tuwo, kullum kwanon na dawowa da ɗan goro a ciki.

Sai da na girma kaɗan Hajiya ta gaya mini abin da ke ƙarƙashin gardamar. A wani fari na da can, Kaka yana saurayin magidanci, ya tafi cin rani Kurmi, can kudu, ya bar gidansa a hannun Malam. Matarsa ta fari, wadda ta haifi Inna, naƙuda ta kama ta, ta ƙi ci ta ƙi ƙarewa. Tsofaffi suka ce a ɗauke ta a kai ta ɗakin shan magani a Isa. Malam ya ce matar aure ba ta fita sai da izinin mijinta, shi kuwa amanar gida aka ba shi, ba a ba shi wannan ba. Aka aika Kurmi. Kafin amsa ta zo an yi sadakar bakwai. Inna tana 'yar ƙarama lokacin. Hajiya ta ce tun daga ranar ba ta taɓa jin 'yan'uwan nan biyu sun ambaci matar a gaban juna ba.

Motar da Kaka ya yi ta nema ta zo daga hannun masu ba da tallafin, fara, da gado a ciki. Ranar da aka kawo ta har guɗa aka yi. Ba a daɗe ba aka kira ta Kamarawa. Ta je ta tsaya ƙofar gidan, direba ya buɗe baya, mata suna ciki suna kuka, amma babu wanda ya fito da mai naƙudar. Mijinta na cin rani. Motar ta dawo babu kowa. Hajiya ta ce da Kaka ya ji, sai ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, da babbar rigarsa.

Ba a jima ba sojoji suka karɓi mulki, aka rufe majalisa. Wasu abokansa suka koma kwangila. Shi sai ya sa aka yi masa benci, aka ajiye a tashar Sabon Birni, gindin bedi, wato itacen dogon yaro, daidai inda motocin Kurmi ke lodi. Fari ya kori maza daga gonaki, kowace ranar kasuwa sai ka ga samari da magidanta da buhu a kafaɗa. Duk wanda zai hau, sai Kaka ya yafuto shi.

“Kai, ɗan wa?”

Ya faɗi.

“Da iyali?”

“Da su, Alhaji.”

“Ka bar izini?”

In mutum ya ce wane izini, sai ya ce, “Izinin in abu ya taso mata, ko ciki ko yaro, ta tahi asibiti ba sai an nemo ka ba.” Mafi yawa sukan ce, “Na bari, Alhaji,” don su samu su wuce. Shi kuwa ba ya karɓar wannan. “Ni ka aura? Koma gida ka hwaɗa mata da bakinka, gaban uwarka ko wanda ka bar wa gida. Mota na jiranka.” Kuma motar takan jira, domin ɗan kamashon tashar, wani gajere mai jar hula, ba ya sallamar direba sai Kaka ya ɗaga sanda. Wasu su koma suna gunaguni. Wani ya taɓa ce masa, “Alhaji, an sauke ku daga mulki, ba ka ji ba?” Kaka ya ce, “Na ji. Ka bar izini?”

Ni nake kai masa fura can idan an tashi daga makaranta. Ina zama bayan bencin, in jingina da bedin, in yi ta kallon ƙafafun matafiya.

Mutum ɗaya ne bai taɓa tambaya ba, shi ne Baba. Baba surukinsa ne, mijin 'yar farinsa. Kunyar ta zama biyu. Duk shekara Baba na zuwa tashar nan da buhunsa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi, Kaka ya kau da kai ya amsa wa bedi. Sai Baba ya hau mota. Shi ma Baba ba mugun mutum ba ne. A ganinsa ambaton asibiti ga mai ciki kamar kiran masifa ne. Iya kuma, mahaifiyarsa, wadda muke zaune gida ɗaya da ita, ta haifi nata duka a bayan ɗaki, tana cewa asibiti wurin marasa kunya ne.

Bana cikin Inna ya zo da wahala. Wanda ya gabace shi bai zo da rai ba. Ƙafafunta suka kumbura har takalminta ya daina shiga, ta koma sa silifan Baba. Wata rana ta zo gaida Hajiya, ta tuɓe su a ƙofar ɗaki. Kaka ya fito za shi masallaci, ya tsaya a kansu ya daɗe. Da yamma a tasha ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, “Amarya, takalman maza na gani ƙofar Hajiya.”

Na ce, “Na Inna ne. Nata ba su shiga.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin Salla.”

“Tana ciwon kai?”

Na ce tana ɗaure kai da ɗankwali tamau. Ya ture kwanon gefe. Furar ma bai sha ba, bai kuma ce wankin ludayi ce ba.

Ya yi ƙoƙarin tambayar Baba sau ɗaya, a gabana. Ya aika aka kira Baba. Baba ya zo ya durƙusa bakin zaure, kansa a ƙasa. Kaka ya gyara murya, ya gyara hula, ya ce, “Wato... batun gidanka.” Baba ya ce, “Na'am, Alhaji.” Ina jiyo kazar Hajiya na tono a tsakar gida. Sai Kaka ya ce, “Jakin nan naka, ka samu mai saye?” Suka yi maganar jaki. Mutumin da ya tsaya gaban majalisa da gaban Turawa ya yi bayanin mahaifa, ga shi yana tambayar kuɗin dusa. Da Baba ya tafi, Kaka ya dubi sandarsa ya ce, “Ungozoma ke nan.”

Ciwonsa bai daɗe ba. Ƙirji ne. Ana gobe zai rasu, da hantsi, Malam ya zo, karo na farko da na gan shi cikin ɗakin Kaka. Ina gefe ina fifita. Malam ya yi addu'a ya tofa a kofi ya miƙa masa. Kaka ya riƙe kofin bai sha ba, ya ce, “Yaya, akwai mutum guda da ban tambaya ba.”

Malam ya ce, “Sha ruwanka.”

“Ka ji ni?”

“Na ce ka sha ruwanka.”

Ya sha.

Bayan sadakar bakwai Baba ya ɗaure buhunsa. Babu abin da za a ci a gida in bai tafi ba, kowa ya san haka. Ya yi wa Iya sallama, ya tsaya ƙofar ɗakin Inna ya ce, “To, za ni tahiya.” Ta ce, “Allah shi tsare.” Ina tsaye da butarsa ina jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Na bi shi tasha da butar, ina kallon bayan ƙafarsa.

Bencin na nan gindin bedi, babu kowa a kai. Ɗan kamasho ya ɗauki aikin da kansa, yana karɓar kaya yana cewa, “Ka bar izini? Ka bar izini?” da sauri, kamar yadda yake kiran sunayen garuruwa. Da ya iso kan Baba sai ya gane shi. Ya sunkuyar da kai, ya karɓi buhun ya jefa sama, bai tambaye shi ba.

Baba ya sa ƙafa ɗaya a mota ke nan na ga mutane suna darewa. Malam ne. Ban taɓa ganinsa a tasha ba, yakan ce wurin rantsuwar ƙarya ne. Ya tako a hankali har gindin bedin, ya dubi bencin, ya share shi da hannun riga, ya zauna. Sai ya yafuto Baba.

Baba ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

Malam ya ce, “Ɗiyarmu da ke gidanka. Ka bar izini?”

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, “Malam, kowace shekara nike durƙusawa gaban bencin ga, ina jiran ya tambaye ni. Na ɗauka bai ga na isa ba ne.”

Malam ya ce, “Kunyarka yake ji. Ni na taɓa riƙon gidan da ba a bar wa izini ba. Ban so Iya ta ɗanɗani abin da na ɗanɗana.” Ya numfasa. “Ka bari ko ba ka bari ba?”

“Na bari, Malam.”

“Ni ka aura?”

Wani a cikin motar ya yi dariya, ya yi maza ya haɗiye. Ɗan kamasho ya cire jar hularsa ya ce wa direba, “Kashe ta.”

Muka koma gida, Baba a gaba, Malam a baya, ni da buta. Baba ya tsaya tsakar gida ya ce, yadda Iya za ta ji, in abu ya taso, ko yana nan ko ba ya nan, a kai Inna asibiti, ya yarda. Iya ta ce, “Yau kuma.” Malam ya ce, “Ni ne shaida.” Inna tana cikin ɗaki, ba ta fito ba, amma na ga labulen ya motsa. Kafin Baba ya koma tasha ya ja Malam gefe ya gaya masa wani abu a kunne.

Abin ya taso wata safiya ina shirin makaranta. Inna ta ce idonta na ganin duhu-duhu, kanta kamar zai tsage. Iya ta ɗora ruwa, ta ce a ɗan jira, haihuwa ba a yi mata gaggawa. Inna ba ta yi gardama ba. Ta miƙe ta dafa bango, ta ɗauki mayafinta, ta zura ƙafa cikin silifan Baba, ta ce mini, “Je tasha.” Farar motar ta daɗe a kan duwatsu babu taya, don haka a-kori-kura ɗan kamasho ya sauke wa buhunan albasa ya kawo ƙofar gida. Iya ta tsaya tana kallo, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko zannuwa ta hau ita ma.

Sai da aka yi mata aiki. Nas ɗin ta ce da an kai azahar, da wata maganar ake yi. Namiji ne, ƙarami ƙwarai, da dogayen yatsu.

Ranar suna babu rago, ɗan akuya Malam ya kawo daga gidansa. Ya sanar da sunan da Baba ya bar masa a kunne, sunan Kaka ne. Inna ba za ta iya kiran wannan suna ba har abada, don haka Abba take ce wa yaron. Yanzu kullum da safe ina jinta ta labule tana yi masa hira. “Abba, ka tashi? Abba, mi kake kallo? Ka ga yadda ka wahal da ni?” Tana gaya masa tsadar gero, da ciwon bayanta, da abin da Iya ta ce. Ban taɓa jin ta yi wa mai sunan magana mai tsawon haka ba.

Malam na zuwa tasha kowace ranar kasuwa yanzu. Har yau bai yarda da maganar tazara ba, kuma yana faɗa. Ni nake kai masa fura. Ba ya tsokanata, ba ya leƙa kwanon, yakan ce “Allah shi yi albarka” kawai ya sha.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da wadda ya tafi cin rani ya bari. Allah ya ba mu damina, mazan garinmu su zauna gida.